Neman shaidar malanta alhali kana koyarwa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyarwa ba tare da takardar shaidar malanta ba suke maimaita mini kullum. Na tattara amsoshinsu wuri guda, kuma ina roƙon mai tambaya ya karanta su har ƙarshe kafin ya sake kawo ɗaya daga cikinsu.

Zai yiwu in yi horon malanta ba tare da na ajiye aikina a makaranta ba?

Zai yiwu. Ƙasashe da dama sun buɗe wannan hanya saboda ƙarancin malamai, wanda hukumar UNESCO ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin shekarar 2030.

Na daɗe ina koyarwa, ɗalibaina kuma suna cin jarrabawa. Me zan yi da wata takarda?

Wannan tambayar ce ta fi damuna, domin masu yin ta galibi mutane ne masu ƙwazo waɗanda ba a taɓa zama a bayan ajinsu an kalli yadda suke aiki ba. Daɗewa a aji tana ƙarfafa ɗabi'a mai kyau da marar kyau baki ɗaya. Mary Budd Rowe, mai bincike a Amurka, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa yawancin malamai, idan sun yi tambaya, ba sa jiran amsa fiye da kusan daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su juya ga wani ɗalibi, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshi sukan yi tsawo, yaran da ba sa magana su ma su ɗaga hannu. Malam, kana iya shekara goma kana yanke wa yara tunani haka ba ka sani ba, sai ranar da wani ya zauna da agogo a hannu ya nuna maka.

Ina da digiri a fannin da nake koyarwa. Bai isa ba?

Bai isa ba. Mai digirin lissafi ya san cewa rabi da sulusi idan an haɗa su biyar cikin shida ne. Malamin da ya samu horo ya san dalilin da zai sa yaro ya rubuta biyu cikin biyar, wato ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma ya shigo aji da takardar da zai ninke ya nuna masa kuskuren da idonsa.

Za a ci gaba da biyana albashi?

Ya danganta da tsarin. A Ingila akwai hanyar da makaranta ke ɗaukar mutum tana biyansa albashin malamin da bai ƙware ba yayin da yake horo, akwai kuma wadda shi ne zai biya kuɗin karatu. Ka nemi amsar a rubuce kafin ka sa hannu a kan komai.

Shugaban makaranta ya cika mini jadawali kamar kowane malami, kuma wanda aka ce zai riƙa duba darasina bai taɓa shiga ajina ba. In ci gaba ko in bari?

A nan ba zan ba da amsa guda ba, domin halin kowa daban ne, kuma ba ni ne zan ciyar da iyalinka ba idan ka ajiye aikin. Amma ya kamata ka fahimci abin da ya mayar da aiki a makaranta horo. Abubuwa biyu ne: a rage maka yawan darussa domin ka samu lokacin shiri da karatu da kallon wasu malamai, sannan a samu gogaggen malami da zai zauna a ajinka a kai a kai, ya rubuta abin da ya gani, ku tattauna bayan darasi. Idan babu waɗannan biyun, abin da kake yi aiki ne kawai, ko da an kira shi horo a takarda. A Ingila, ko bayan mutum ya samu shaidar, tun daga Satumbar 2021 ana rage masa kashi 10 cikin ɗari na jadawali a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, balle wanda bai kai ga samun ta ba.

Abu na farko shi ne ka duba yarjejeniyar da ke tsakanin makarantarka da cibiyar da ke ba da horon. Idan an rubuta adadin darussa da yawan lokutan da za a duba ka, kana da madafa, kuma cibiyar ce ya kamata ta tunatar da makarantar, ba kai kaɗai za ka tunkari shugabanka ba. Idan ba a rubuta ba, ko kai ne ka yi rajistar karatun da kanka ba tare da hannun makarantar ba, to ƙarfinka kaɗan ne, sai lallami. Sau da yawa shugaban ba mugunta yake yi ba, malamai ne ba su ishe shi ba, saboda haka roƙo ƙarami da aka fayyace ya fi samun karɓuwa: darasi ɗaya a mako da za a duba ka, da wani guda da za ka zauna a ajin wani. Idan malamin da aka haɗa ka da shi ba shi da lokaci, nemi a sauya maka, ko ka ɗauki muryarka a waya yayin darasi, da izinin makaranta, ku saurara tare daga baya.

Idan zango guda ya wuce ba abin da ya canza, ina ganin neman wata makaranta ya fi, muddin cibiyar horon ta yarda a mayar da kai can ba tare da ka rasa abin da ka riga ka yi ba. Wasu cibiyoyin suna yarda, wasu ba sa yarda, don haka kada ka rubuta takardar ajiye aiki kafin ka ji daga bakinsu. Idan kuwa saura watanni kaɗan ka kammala, wataƙila daurewa ta fi, amma ka san cewa akwai gurbin da za ka cike daga baya.

Na yi tsufa da fara wannan?

A'a. Wanda ya yi shekaru a aji yakan fahimci darussan horon da sauri, domin yana da fuskokin yara na gaske da zai auna kowace magana da su.

Kowace takardar shaida ce ake karɓa?

Ba kowace ba, kuma abin takaici ne yadda mutane ke biyan kuɗi kafin su bincika. Yawancin ƙasashe suna da hukumar da ke tantancewa. A Ingila ana neman matsayin QTS, wato shaidar ƙwararren malami, a Najeriya kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, mai digiri a wani fanni yakan ƙara da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, sannan ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa a 1993. Ka tabbatar sunan cibiyar yana cikin jerin waɗanda hukumar ƙasarka ta amince da su, kuma kada ka ɗauka shaidar wata ƙasa za ta yi aiki a wata kai tsaye.

Jikina yana rawa idan ana kallona ina koyarwa. Alama ce ta cewa ban dace ba?

Ko kusa. Kusan kowa haka ya fara, kuma mai dubawa na kirki ya fi mayar da hankali ga abin da ɗalibai suke yi a kan rawar muryarka. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun makon farko ka buɗe fayil, ka riƙa ajiye tsarin darasinka, da bayanan mai dubawa, da samfurin aikin ɗalibai kafin gyara da bayansa, kowanne da kwanan wata, domin su za a nema ranar tantancewa.