Katin asibiti uku, mace ɗaya

Wata baiwar Allah ta zo mana asibitin da nake aiki daga wajen Dukku riƙe da ƙullin baƙar leda. Da ta kwance, sai ga katin asibiti har uku. A ɗaya an rubuta shekararta 40, a wani 52, a na ukun kuwa sunan mahaifinta ma ba daidai ba ne. Sankarar mama ce, har ta fashe. Na ce, "Inna, ina takardar gwajin naman da aka yi miki?" Ta ce, "Ɗan nan, ɗakin ya yi yoyo da damina, ruwa ya cinye ta."

Abin ya tsaya mini a rai. Dole aka sake gwajin, kuɗi da makonni suka tafi. Ban da wannan, a lissafin masu binciken ciwon daji, ko dai an ƙirga ta sau uku, ko ba a ƙirga ta ba sam. Likitan Gombe na ganin nasa marasa lafiyar, na Bauchi nasa, haka na Zariya da Maiduguri. Muddin ba su haɗa abin da suka gani wuri guda ba, babu mai iya cewa wace irin sankara ce ta fi addabar yankinmu, a wane shekaru take kama mutane, wane magani ne ke karɓar jikinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An taɓa ganin amfanin haɗa kai a nahiyar nan. A 1958 wani likita a Uganda, Denis Burkitt, ya ba da bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙi da ke kashe yara. Ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya, ya bi wasu da mota, sai ya gano ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ya riƙa aika samfurin nama zuwa Landan, inda a 1964 Anthony Epstein da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar da ke da hannu a ciki. A yau yara da dama na warkewa daga ciwon idan an kawo su da wuri.

A Najeriya an fara rajistar masu sankara a Ibadan tun 1960, aka kafa tsarin haɗa rajistocin ƙasa a 2009, sannan a 2017 aka yi dokar kafa cibiyar NICRAT mai kula da bincike da maganin cutar. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ma yana da tasa rajistar. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 127,000 sun kamu da sankara a ƙasar nan a shekarar kaɗai, kusan 80,000 suka rasu. Amma wanda ya cika a ƙauye da sassaƙe a gefen shimfiɗarsa, wa ya rubuta shi?

Nan ne namu ya shigo. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe. Ɗan naman da ake ɗiba bai kan yaɗa ciwo ba, shi ne ke faɗa wa likita irin sankarar da maganin da ya dace. Idan an nemi izininku a sa bayananku cikin bincike, ku yi tambaya har ku gamsu. Ana sakaya suna, kuma wanda ya ƙi ba za a hana shi magani ba. Ku riƙa ba da suna iri ɗaya a kowane asibiti, da lambar wayar da ke shiga. Mu ma ma'aikata mu daina rubutun gaggawa muna ƙiyasta wa mutane shekaru da ido.

Kafin Inna ta tafi, na sa jikanta ya ɗauki hoton sabuwar takardar a wayarsa, na kuma rubuta lambobin katunan nan uku a bangon fayil ɗinta.