Manuni mai ƙidaya a harshen Rust: zagaye da ƙimar asali

Manuni mai ƙidaya nau'in bayanai ne a shirye-shiryen kwamfuta wanda ke ba sassa da yawa na manhaja damar mallakar abu guda a ma'ajiya, yana lissafin adadin masu riƙe da shi. Duk lokacin da aka kwafi manunin, lissafi ya ƙaru da ɗaya. Idan wani ya saki nasa, ya ragu da ɗaya. Ranar da ya kai sifili sai a rushe abin. George Collins ne ya bayyana dabarar a 1960. A harshen Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a watan Mayun 2015, iri biyu ne: `Rc<T>` na zaren aiki guda (zare shi ne layin umarni ɗaya da manhaja ke bi), da `Arc<T>` wanda zaruruwa da yawa ke iya rabawa domin ƙidayarsa ba ta rikicewa ko da biyu sun taɓa ta lokaci ɗaya. Dokokin zagaye da na ƙimar asali kusan ɗaya ne a kansu.

Tsarinsa a ma'ajiya

`Rc::new` yana yanko wuri guda ya zuba abu uku: lissafin masu riƙo mai ƙarfi, lissafin masu riƙo mai rauni wato `Weak` (waɗanda riƙonsu ba ya hana a rushe abin), sai ƙimar kanta. A injin mai bit 64 kowane lissafi bayit 8 ne, wato bayit 16 kafin a zo ga kayan. Daga nan doka ɗaya ta fito wadda komai ya rataya a kanta: tunda mai yiwuwa wani ma yana riƙe da abin, `Rc` aron karatu kawai yake bayarwa kai tsaye. Sifa a Rust ita ce rukunin ayyukan da wani nau'i ya iya: yana da sifar `Deref` ta buɗe manuni don karatu, ba shi da `DerefMut` ta buɗe shi don gyara.

Zagaye

Madaukin `for` yana neman abin da ke da sifar `IntoIterator`. Jeri irin `Vec<T>` yana da ita ta fuska uku: a cinye jerin a fito da kayansa, a ara don karatu, ko a ara don gyara. Fuska ta biyu kaɗai ta dace da kayan tarayya.

Nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Idan `jeri` nau'insa `Rc<Vec<i32>>` ne, `for x in jeri` ba zai wuce ba, `for x in &jeri` ma haka; kompaila, wato manhajar da ke harhaɗa lambar, zai ba da kuskure mai lamba E0277. Dalili shi ne Rust yana leƙa cikin manuni da kansa lokacin da aka kira aiki da ɗigo, amma ba ya yin haka lokacin da yake bincika ko wani nau'i yana da wata sifa. Shi ya sa `jeri.iter()` yake aiki, `&*jeri` ma yake aiki, domin tauraron ya buɗe manunin da hannu ya miƙa `&Vec<i32>`. Wanda kuma ya rubuta `jeri.into_iter()` zai ci karo da E0507: kiran ya isa ga `Vec` ɗin, yana son ya kwashe shi ɗungurungum, alhali ba a fitar da kaya daga cikin `Rc` ta wannan hanya.

Mai son ya mallaki kayan sai ya fara tabbatar da cewa shi kaɗai ya rage. `Rc::try_unwrap` yana mayar da ƙimar idan lissafi mai ƙarfi ɗaya ne, in ba haka ba ya dawo da manunin yadda yake. `Rc::unwrap_or_clone`, wanda ya shigo a siga 1.76, yana kwafar jerin gaba ɗaya idan akwai abokin tarayya. Da jeri mai abu miliyan wannan kwafin yana da tsada, kuma ba ya bayyana a rubutun lambar, don haka ya kamata a san da shi kafin a sa shi cikin madauki. Duka biyun ba sa aiki a kan `Rc<[T]>`, domin ba a san girman yankin ba lokacin harhaɗawa.

Haka kuma shi kansa mai zagaye, wato abin da ke miƙo kayan jeri ɗaya bayan ɗaya, in aka saka shi cikin `Rc`, ba ya motsi. Aikin `next` yana buƙatar `&mut self` domin kowane taku yana sauya matsayinsa. `Box`, wani manunin daban, yana da mai shi ɗaya tak, shi ya sa `Box<I>` yake da sifar `Iterator`, kuma siga 1.80 ta ƙara `IntoIterator` ga `Box<[T]>`.

Idan ana son gyara kayan tarayya, akan haɗa da `RefCell`, wanda ke duba dokokin aro lokacin da manhaja ke aiki, a samu `Rc<RefCell<Vec<T>>>`, a zagaya da `jeri.borrow().iter()`. Aron yana nan daram har madaukin ya ƙare. Duk wanda ya kira `borrow_mut` a tsakiyar zagayen, ko ta wani manuni daban mai nuni ga wuri ɗaya, manhajar za ta tsaya nan take, kuma kompaila ba ya hango wannan. Mafita biyu ce: a tara sauye-sauyen a wani jeri a zartar bayan madauki, ko a bi da lambar matsayi ana ara ana saki a kowane taku. Da `Arc<Mutex<T>>` abin ya fi muni, domin sake neman makullin `Mutex` da zaren ya riga ya riƙe yana iya daskarar da shi.

Mai rubuta laburare da ke son `for` ya yi aiki kai tsaye ba zai iya ɗora `IntoIterator` a kan `Rc<NauinSa>` ba. Sifar ba tasa ba ce, `Rc` ma ba nasa ba ne, dokar da ke hana haɗa baƙo da baƙo kuwa tana ba da E0117. Abin da ake yi shi ne a naɗe manunin cikin sabon nau'i na kai. Mai zagayen sai ya riƙe kwafin `Rc<[T]>` da lambar matsayi, kowane `next` ya kwafi abu ɗaya ya matsa gaba. Tunda shi ma mai riƙo ne, kayan ba za su ɓace masa ba ko da an saki manunin farko.

Ta ɗaya ɓangaren, tara sakamakon zagaye cikin manuni yana da sauƙi tun siga 1.37 ta 2019: `collect::<Rc<[T]>>()`. Idan an san tsawon zagayen tabbas, kamar `0..10`, sau ɗaya ake yanko ma'ajiya. Idan an bi ta `filter`, sai an fara tarawa a `Vec` sannan a kwashe zuwa wuri na biyu.

Ƙimar asali

Sifar `Default` ita ke faɗin abin da nau'i zai ɗauka idan ba a ba shi komai ba: sifili ga lamba, fanko ga rubutu. `Rc<T>` yana da ita muddin `T` yana da ita, kuma `Rc::default()` sabon wuri yake yankowa a kowane kira, lissafinsa ɗaya. Wannan ya bambanta da C++, inda `std::shared_ptr` da aka gina babu komai yake zama fanko, `use_count` ɗinsa sifili, kuma buɗe shi kuskure ne da harshen bai fayyace sakamakonsa ba. `Rc` ba ya taɓa zama fanko. Mai son ma'anar «babu tukuna» sai ya yi amfani da `Option<Rc<T>>`, wanda asalinsa `None` ne, ba ya cin ma'ajiya, girmansa kuma daidai da na manunin. `Weak::default()` ma ba ya yanko komai, kuma `upgrade`, mai mayar da shi riƙo mai ƙarfi, a kansa kullum `None` yake bayarwa.

Nau'o'in da ba su da tsayayyen girma sun jira har siga 1.80 ta watan Yulin 2024 kafin `Rc<str>`, `Rc<[T]>` da `Rc<CStr>`, tare da takwarorinsu na `Arc`, su samu `Default`. Waɗannan fankon suna iya raba wuri guda da junansu, saboda haka kada a dogara da `ptr_eq`, mai duba ko manuni biyu na nuni ga wuri ɗaya, ko lissafin masu riƙo a kansu. `Rc<dyn Sifa>` ba shi da ƙimar asali, domin babu yadda za a san wane nau'i za a gina. Tsarin da ke ɗauke da shi sai an rubuta masa `Default` da hannu.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko `vec![Rc::default(); 3]`: ƙima ɗaya ake ginawa a kwafi manuninta, sai gurabe ukun su zama abu guda mai lissafi 3. Idan da `RefCell` a ciki, gyara gurbi na farko zai bayyana a sauran biyun. Hanyar da ta dace ita ce `(0..3).map(|_| Rc::default()).collect()`. Na biyu shi ne tsarin da ke nuni ga irinsa, kamar ƙulli mai filin `gaba: Rc<Kulli>`. Idan aka sa masa `#[derive(Default)]` zai harhaɗu lafiya, amma gina ƙulli ɗaya yana neman na gaba, na gaba ma haka, har tarin kira ya cika manhajar ta faɗi. Filin ya kamata ya zama `Option<Rc<Kulli>>`, wanda ke komawa ga uwa kuwa ya zama `Weak<Kulli>`, don kada ƙulli biyu su riƙe juna lissafinsu ya kasa kai sifili.