Tambayoyin da kuka ishe ni da su kan kundin Biograph na Bob Dylan

Tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min kan kundin nan. Zan amsa a nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya a nuna masa.

Shi ne Bob Marley?

A'a. Marley ɗan Jamaika ne, ya rasu a 1981. Dylan Ba'amurke ne, an haife shi a jihar Minnesota a 1941, shi aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016.

To mene ne Biograph ɗin?

Waƙoƙi 53 ne da kamfanin Columbia ya tattara ya fitar a ƙarshen 1985, faifan garmaho 5 ko CD 3 a akwati guda. Guda 18 daga ciki ba a taɓa sakin su ba sai a lokacin.

Ni fa muryarsa ba ta yi min daɗi ba.

Ba kai kaɗai ba ne, tun farkon fitowarsa ake wannan ƙorafin. Ta hanci yake waƙa, wani sa'in kamar yana yi maka faɗa. Mai neman zaƙin murya ya yi ɓatan kai. Abin saurare shi ne inda yake jan kalma, da inda yake dira ta kafin jita ta iso. Amma don Allah kada mutum ya ji rabin waƙa ɗaya ya zo yana yanke hukunci.

Duk aikinsa na ciki?

Ina! Waƙoƙin da ke ciki a 1981 suka tsaya. Kundinsa Time Out of Mind na 1997, wanda ya ci kyautar waƙa ta Grammy, ko ƙamshinsa babu.

Me ya sa ba a jera waƙoƙin bisa shekara ba?

Da gangan ne. Ta farko ta 1969 ce, mai bi mata ta 1962. An fi bin jigo, na soyayya kusa da juna, na zanga-zanga kusa da juna. Wayarka ba ta lalace ba, kwantar da hankalinka.

In sayi akwatin ne, ko in saurara a intanet?

Nan ne maganar take da tsawo, kuma ya danganta da kai. In ba ka taɓa jin Dylan ba, ni da ka dakata da sayen. Fara da kundinsa Highway 61 Revisited na 1965 ko Blood on the Tracks na 1975. Dalilina shi ne, daɗin Biograph yana wajen waƙoƙin da ya ajiye gefe. Akwai “Up to Me”, wadda aka ɗauka lokacin aikin Blood on the Tracks aka ƙi saka ta. Sai ka san Blood on the Tracks ɗin ne za ka riƙe baki ka ce, wannan aka bari? Wanda bai san shi ba, waƙa ce kawai cikin 53.

Duk da haka ba zan ce waya ta wadatar ba. Akwatin yana zuwa da ɗan littafi mai hirar da ɗan jarida Cameron Crowe ya yi da Dylan, da bayanan Dylan kan waƙoƙin, kuma mutum ne da bai cika buɗe baki kan aikinsa ba. Wannan ba ya biyo ka cikin waya. To in littafin kake so, saya, amma ka sa mai sayarwa ya nuna maka hotonsa tukuna, domin na hannu sau da yawa ya ɓace. In garmaho ne, a ƙirga faifan biyar, a karkata kowanne a haske a duba karce. Ka kuma tuna zafin Afrilu yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu tana cin allura. CD ya fi sauƙin aikowa da ajiya, in har kana da abin kunna shi, tunda yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin saka shi.

Sai batun Turanci. Ƙarfin mutumin nan a baiti yake. In kunnenka bai kama Turancin waƙa sosai, buɗe baitocin a shafinsa na intanet kana bi yana rerawa, ko da wace hanya ka zaɓa. Ba abin kunya ba ne, Turawan ma suna yi.

Na gama da shi, sai me?

The Bootleg Series, jerin kundin waƙoƙin Dylan da aka ajiye gefe, wanda ya fara fita a 1991. Shi ma kada a tambaye ni ko na Marley ne.