Waiwaye: ƙuri'ar raba-gardama ta shawara, wa take ɗaurewa?

A Birtaniya majalisar dokoki ce ke da iko na ƙarshe, shi ya sa ƙuri'ar raba-gardama a can ba ta da ƙarfin doka sai idan majalisar da kanta ta ba ta. Irin wannan ƙuri'ar ta shawara, marar ƙarfin doka, aka yi a 1975, lokacin da Firaminista Harold Wilson ya tambayi jama'a ko a ci gaba da zama a kasuwar bai-ɗaya ta Turai. Kusan kashi 67 cikin ɗari suka amince, kuma da yake amsar ta dace da abin da gwamnati ke so, babu wanda ya tsananta bincike kan ko dole ne a bi ta.

Tambayar ta taso da ƙarfi ne bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 23 ga Yuni 2016. Dokar 2015 da ta shirya ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ba ta ce uffan kan abin da zai biyo bayan sakamako ba, amma gwamnatin David Cameron ta riga ta aika takarda gida-gida tana alkawarin aiwatar da duk abin da jama'a suka zaɓa. Da kashi 51.9 suka zaɓi ficewa, sai doka da alkawari suka yi hannun riga. A Janairun 2017 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 8 kan 3, ta yanke cewa gwamnati ba za ta fara shirin ficewa ba sai da izinin majalisa. 'Yan majalisa 498 suka ba da izinin, 114 suka ƙi, alhali mafi yawansu sun yi yaƙin neman a zauna ne. A ganina, tsoron masu zaɓe ne ya ɗaure su, ba wata ayar doka ba.

Wasu ƙasashen ba su ji wannan nauyi ba. A Suwidin, kusan kashi 83 sun ƙi a koma tuƙi ta hannun dama a 1955, majalisa ta bari ƙura ta lafa, ta zartar da sauyin a 1963, aka fara aiki da shi a 1967. A Holan kuwa, kashi 61 na waɗanda suka fito a 2016 sun ƙi yarjejeniyar Tarayyar Turai da Yukren, sai dai waɗanda suka fito ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe ba. Gwamnati ta nemo ƙarin bayani a kan yarjejeniyar, majalisa ta amince da ita a 2017, sannan a 2018 aka soke dokar ƙuri'ar shawara ɗungurungum.