Waiwaye: yadda aka fara tantance dabarun sauya ɗabi'ar kiwon lafiya

Duk wanda ya saba ganin ma'aikatan lafiya suna shigowa unguwar Agege ko kasuwar Mile 12 a Legas da lasifika ya san yadda rahotonsu kan ƙare: an wayar da kan jama'a. Amma me aka yi musu takamaimai? Tsoratar da su aka yi, ko nuna musu yadda ake wanke hannu, ko bokiti da sabulu aka ajiye a ƙofar masallaci? Kowanne aikinsa daban, kuma rashin bambance su ya daɗe yana damun masu bincike.

Tun shekarun 1950 masana halayyar ɗan Adam a hukumar lafiya ta Amurka suka fara tambayar dalilin da ya sa mutane ke ƙin zuwa ɗaukar hoton ƙirji na tarin fuka, alhali kyauta ne. Nazariyya ta yi ta yawa bayan haka. Sai dai in shiri ya yi nasara a wani gari, da wuya a maimaita shi a wani, domin kowane mai bincike da irin sunan da yake ba abin da ya yi.

A 2008 Charles Abraham da Susan Michie, masana daga Birtaniya, suka fitar da jerin dabaru 26, kowacce da bayaninta. Amfaninsa bai jima ba ya fito. A 2009 Michie da abokan aikinta suka bi diddigin binciken da aka yi kan cin abinci da motsa jiki, suka ga shirye-shiryen da ke sa mutum ya riƙa lura da abin da yake yi yana rubutawa, tare da wata dabara kamar sanya wa kai buri, sun fi sauran tasiri. Jerin ya kai 40 a 2011, sannan a 2013 aka fitar da babban kundi mai dabaru 93 cikin rukuni 16.

Annobar Ebola ta 2014 a Legas ta isa misali. Daga 20 ga Yuli da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka da cutar zuwa 20 ga Oktoba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Najeriya, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. In aka ɗora kundin a kan abin da aka yi, bokitin ƙofar makaranta sauya muhalli ne, saƙon waya tunatarwa ce, zuwa gidan wanda ya yi hulɗa da maras lafiya ana auna zafin jikinsa har kwana 21 kuma sa ido ne. Ko jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri yana kare mutum daga cutar, wadda ta zagaye ƙasar cikin dare ɗaya, da dabarar da kundin ya sani ta yaɗu: saƙo daga bakin wanda aka yarda da shi, uwa ko yaya ko maƙwabci.

A nan ne nake ganin kundin ya yi mana kaɗan. Yawancin binciken da aka gina shi a kai daga Turai da Amurka yake, kuma amintaccen mai isar da saƙo layi ɗaya ne cikin 93. Ga Bahaushen Legas kuwa, ko limami ne ya faɗa, ko Sarkin Hausawa, ko baƙuwar jami'a da Turanci, sau da yawa shi ke yanke hukuncin ko uba zai bari a ɗiga wa ɗansa maganin shan inna. Masu kundin sun koma kansa tun 2016 a wani shiri na jami'ar UCL ta Landan, inda aka fara rubuta wa ya isar da dabarar, ta wace hanya, kuma a wane wuri.