Shin sa VPN a waya laifi ne a Najeriya?

Babu dokar da ta ce haka. Tambayar ta samo asali ne tun watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, matasan Abuja daga Wuse har Kubwa suka koma shiga ta VPN, wato manhajar da ke buɗe wa mutum shafin intanet da aka toshe. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin a gurfanar da masu bijire wa haramcin. Sai lauyoyi suka ce, da wace doka? Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta fayyace, ta kuma yanka masa hukunci. Sanarwar minista kuwa ba doka ba ce. Kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta hana gwamnati gurfanar da kowa, daga baya a Yulin 2022 ta ce dakatarwar kanta ta saɓa wa doka. An dai buɗe Twitter tun Janairun shekarar.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Kamfanin layinka ne ke toshe shafi idan an umarce shi. VPN yana sa saƙonka cikin rufaffen ambulan, ya aika wata kwamfuta a ƙasar waje, ita ta buɗe maka shafin. Kamfanin yana ganin ambulan ɗin, ba ya ganin abin da ke ciki. A ƙasashe irin su Sin da Iran ana gane ambulan ɗin kansa a tare shi, domin nau'o'in VPN irin su OpenVPN da WireGuard suna da alamun da na'urar tacewa ke shaidawa. Shi ya sa aka ƙirƙiro irin su Shadowsocks da obfs4, masu ɓatar da kamar saƙon har na'urar ta kasa sanin ko mene ne.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne zaton VPN rigar kariya ce. Ko kusa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana duba abin da ka aikata ne, ba hanyar da ka bi ba. Damfara damfara ce, kuma abin da ka wallafa da sunanka yana nan da sunanka. VPN na kyauta kuwa, waɗanda ake tura wa juna a WhatsApp, ni dai ba na amincewa da su, tunda mai manhajar yana ganin duk inda ka shiga.

Idan kuma aka katse layin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, babu VPN ɗin da zai yi aiki.