Direban motar asibiti da ƙungiyar ƙwadago: daga ina ɗaurin wata shida ya fito?

Makon jiya ɗan yayana ya same ni bayan sallar isha'i. Direba ne a wani kamfani mai zaman kansa da ke ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyukan Gaya da Ajingi zuwa Dutse ko cikin birnin Kano. Ya ce, "Baffa, wai da gaske ne duk wanda ya sa hannu a takardar ƙungiya wata shida zai yi a gidan yari?" Haka manajansu ya faɗa musu, kuma tuni wasu suka janye sunayensu.

Maganar ba haka take ba. An ɗauko hukuncin wani laifi ne aka jingina shi ga abin da ba laifi ba.

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Waɗanda doka ta hana sanannu ne: soja, 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, gandirobobi, ma'aikatan Babban Banki da makamantansu. Babu direban motar asibiti a cikinsu, babu mai ɗaukar mara lafiya a gado, babu mai karɓar waya a ofis. Sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ma ya haramta wa mai kamfani ya gindaya sharaɗin cewa sai ka guji ƙungiya zai ɗauke ka aiki, ya kuma haramta masa korarka ko muzguna maka don ka shiga. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya ce shiga ganin dama ce, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma tsangwamar wanda ya ƙi.

Wasu na cewa ai ba su kai mutum 50 ba, don haka ba su da hurumi. Wannan adadin na masu neman yi wa sabuwar ƙungiya rajista ne. Ku ba sabuwa kuke buƙata ba, akwai ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN, nas-nas da ungozoma kuma suna da tasu, NANNM. Ku tuntuɓi reshen jiha ku ji inda kowa ya faɗa.

To daga ina wata shida ya fito? Daga batun yajin aiki. Akwai wata doka ta 1976, tun zamanin soja, da ta jera ayyukan da ta kira na dole: ruwa, lantarki, sufuri, kashe gobara, asibitoci da jinyar marasa lafiya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, dokar ta faɗa ƙarara cewa ko gwamnati ce ke gudanar da aikin ko ɗan kasuwa, duk ɗaya ne. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku da cewa tunda kamfaninku ba na gwamnati ba ne kun tsira. Motar da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare aikin jinya take yi. Gyaran 2005 ya hana masu irin wannan aiki shiga yaji, wanda ya saɓa kuma tarar naira 10,000 ce, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Sashe na 41 na Dokar Rikicin Ma'aikata shi ma ya sa hukunci a kan mai aikin dole da ya ajiye aiki ba tare da sanarwar kwana 15 ba, sashe na 43 kuma shi ne wanda aka fi sani da ba aiki ba albashi.

Hukuncin nan na wanda ya jingine mota ya ce ba zai fita ba ne, kuma kotu ce ke yanke shi bayan shari'a, ba manaja ba. Wanda ya karɓi katin ƙungiya, ya je taro ranar hutunsa, ya zaɓi wakilin da zai yi magana da yawunsa, bai taɓa wannan sashe ba ko kusa.

Na fahimci dalilin hana yajin. Duk wanda ya taɓa jiran mota da mara lafiya kwance a tabarma, ga damina ta ɓata hanya, ya san awa ɗaya rai ce. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dokar ta ɗaure hannun direba tamau, mai kamfanin da zai riƙe albashin wata uku kuwa, ko ya bar mota da sudaɗɗun tayoyi, ko ya sa mutum ya kwana biyu a kan sitiyari babu alawus, shi sai an bi doguwar hanya kafin a kai gare shi. A ganina wannan ne ma babban dalilin shiga ƙungiya. Wanda aka hana shi yaji ba abin da ya rage masa sai baki, kuma bakin mutum ɗaya ba ya kai wa ko'ina.

Hanyar da doka ta bari ita ce a fara zama da kamfani, in ya ci tura a sa mai shiga tsakani, daga nan a kai rahoto Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, sai kwamitin sasanta rikicin ma'aikata, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Wanda aka kora saboda ƙungiya ma can zai kai ƙara, domin tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce mai hurumin shari'ar aiki. Hanya ce mai cin lokaci da kuɗin mota, shi ya sa ake son ƙungiya mai lauya a bayan mutum.

Na tambayi ɗan nawa ko yana da takardar ɗaukar aiki, ya ce shekararsa biyu ba a ba shi ba. Alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce cikin wata uku da kama aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce. Na ce masa ya fara da neman wannan, ya adana saƙonnin banki na albashinsa da jadawalin kwanan aiki, duk barazanar da aka turo masa ta waya kuma kada ya goge ta.